Rigar da Malam Rilwanu Ya Ajiye wa Mai Kare

Idan ka shiga Kwarbai a birnin Zariya yau ka tambayi gidan Malam Rilwanu mai ɗinkin hannu, yara za su tsaya suna kallon bakinka. Sai ka ce musu gidan da ake cajin waya, nan take su yi maka jagora har ƙofa. Da ba haka ake kwatancen ba. Zauren masu allura ake cewa, kuma ko baƙon da ya sauka daga mota a Ƙofar Doka sai a kawo shi ba tare da ya sake tambaya ba.

Zauren na ƙasa ne, kakan Rilwanu ya sa aka gina shi. Rufinsa ɗaurin guga ne, bakuna huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, inda aka liƙa wata tsohuwar tasa mai zanen fure. Da bazara, lokacin da kwanon gidajen maƙwabta ke dafa mutane, shi cikinsa sai ka rantse randa ce. Amma abin da masu ɗinki suka fi so a wurin haske ne. Wanda ya fitar da ƙofar ya san aikin da za a yi a ciki. Hasken safe na shigowa ya kwanta a gefe guda, bayan azahar ya koma ɗaya gefen, masu ɗinki su ja buzayensu su bi shi. A nan Rilwanu ya buɗe ido ya ga ubansa, Malam Zaharaddini, da riga a cinya da allura a baki. A nan ya fara zura zare tun bai iya wanke allonsa da kansa ba. Firamare ya yi ta ne don kada a ce ba a sa shi ba. Ƙaninsa Abdulwahab shi ne ya zarce har jami'a a nan Kongo, ya fito ya kama aikin gwamnati a Kaduna.

Abu biyu Malam Zaharaddini ya koya wa ɗansa, ɗinki da ciniki, kuma ya fi tsanantawa a kan na biyun. Ya ce masa tayi ba zagi ba ne. Ko mutum ya taya riga da kuɗin goro, ka ce masa albarka, ka ba shi wurin zama, ka tambaye shi mutanen gida, don mai niyyar saye ne kawai ke ɓata yawunsa. Ya ce masa kuma, idan ka ce wa mutum ka ajiye masa abu, to abin ya bar hannunka har sai ya dawo ko ya ce ya fasa. Ba ka yin ciniki da wani a kan cinikinsa, ko da na biyun ya zo da buhun kuɗi. Akwai labarin da ake kafa hujja da shi. Wani falke ɗan Ilori ya taɓa ce wa Malam Zaharaddini ya ajiye masa riga zai je ya dawo, bai bar ko sisi ba. Damina ta shigo ta fita, manyan mutane suka yi ta tayawa, tsohon ya ƙi. Da kaka sai ga mutumin da sanda, ashe ciwo ne ya kwantar da shi. Ya ga rigarsa a naɗe tana jiransa, ya fashe da kuka, kuma daga ranar har ya mutu bai sake sayen riga a wani wuri ba. An ba da labarin nan a zauren ya fi a ƙirga, har yara kan riga mai faɗa ƙarasawa. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana labarin ne zai cinye zauren.

Rilwanu ya taso a lokacin da sana'ar ke da rai. Fatake na zuwa daga Ilori da Kumasi da Agadas, zaure cike da maza, rediyo na yi, goro na yawo, ana musun siyasa ba wanda ya ɗaga kai daga cinyarsa. Da allura ya yi aure, da ita ya yi sunan 'ya'yansa, da ita ya binne iyayensa. Sai keken aiki ya zo yana yin aikin wata uku a wuni biyu. Bayansa injin mai kwamfuta ya zo ya raina keken. Masu kuɗi suka gano cewa daga nesa ba a bambancewa, kuma su daga nesa ake kallonsu. Abokan zama suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya kama acaɓa, wancan ya tafi gadi Abuja, saura ƙasa ta rufe musu ido. Matarsa Maijidda ma ta bi su. Aka bar Rilwanu shi kaɗai yana jan buzu daga wannan gefe zuwa wancan, yana yin wuyan kaftani da huluna don a samu na cefane.

Mutum ne marar hayaniya, amma fa taurin kansa ya isa. Irin mutanen nan ne da za su saurare ka har ka gama, su ce gaskiya ne, su kuma yi abin da suka yi niyya tun farko.

Akwai wani ƙunshin zaren tsamiya, silikin gargajiya, da ubansa ya bari, irin wanda yanzu ko da kuɗinka sai ka sha yawo. Da ya ji idonsa ya fara yi masa hazo-hazo, sai ya ɗauko zaren ya sayi saƙi mai kyau, ya fara wata babbar riga ba da odar kowa ba. Aska takwas ya zana mata, da tambari gaba da baya. Shekara uku yana kanta, da safe kawai, lokacin da idon ke da ƙarfi. Ranar da ta dawo daga wurin mabuga tana sheƙi, ya shimfiɗa ta a tsakar zaure ya daɗe yana kallo. Ya san ba zai sake yin irinta ba, kuma bai gaya wa kowa ba.

A shekarar ce bangon gabas ya tsage. Tsagar ta fara kamar zare, ta hau har ta taɓa gindin baka ɗaya. Mika'ilu magini, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suka rage masu taɓa ginin ƙasa a cikin birni, ya zo ya zura yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya ce gara ta ci azara. Sai an buɗe gefen an sa sababbi, a ɗaga bangon, a yi yaɓe a shafe shi da makuba don kare ruwa.

"Amma Malam, sai fa kafin ruwa ya sauka," in ji shi. "In na buɗe shi ruwa ya same ni, ni na kashe shi da hannuna."

Kuɗin da ya faɗa ya sa Rilwanu ya cire hula ya sake sawa.

Da aka taru gaisuwar ƙaramar Sallah, Alhaji Abdulwahab ya buɗe maganar. Ya yi ritaya, kuɗin sallamarsa sun fito, kuma gidan na gado ne, yana da bakin magana. Kada a zalunce shi, ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ya yi shekara talatin yana kallon siminti har ya yarda shi ne gaskiya.

"Yaya, wallahi ba ƙin zauren nan nake ba," ya ce. "Amma yara na bi ta nan safe da yamma. In ya danne ɗan wani, me za mu ce? Kuɗina ba zan zuba su a laka ba, bana a gyara baɗi a sake. In ka gyara kafin damina, shi ke nan, bakina alaikum. In ba haka ba a sauke shi, in sa bulo in fitar da shago biyu, gida ya riƙa samun wani abu."

Rilwanu ya ce gaskiya ne. Ya kuma ce zai gyara.

Ba shi da abin sayarwa sai rigar. Dillalai a kasuwa suka juya ta, suka yaba, suka taya da abin da bai kai kuɗin saƙin ba. A nan ne 'yarsa Batul ta shigo maganar. Tana aure a Tudun Jukun, tana koyarwa a wata sakandare, kuma a gefe tana sayar da turaren wuta da jakunkunan fata ta waya, har ƙasashen waje takan aika. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ta ce akwai kasuwa a intanet inda masu son kayan hannu ke saye da dala, ita ma tana da shafi a can. Ta zo wata safiya ta zaunar da shi a gefen da haske ke kwanciya, rigar a cinyarsa, bakunan zaure a samansa, ta ɗauki hotuna. Ta sa wa rigar dala ɗari bakwai. Ko an zare kuɗin aike da la'adar masu kasuwar, abin da zai rage ya ishi Mika'ilu.

"Baba, bari in gaya maka tun yanzu," ta ce. "Mutanen can akwai 'yan latsi. Da sun ga an rubuta Najeriya sai su ɗauka yunwa ce ta koro mu. Za su taya da abin dariya. Ni dai amsa ɗaya nake ba su, in faɗi kuɗina in yi shiru. Kuma ba na ajiye wa kowa kaya sai ya ba da kafin alƙalami."

Ya ce gaskiya ne.

Tayi kuwa ya yi ta zuwa kamar yadda ta faɗa. Duk yamma in ta taso daga makaranta sai ta biyo ta karanta masa, ta fassara. Abin mamaki, shi daɗi yake ji. Rabon da a yi ciniki a zauren nan har ya manta. Kowane saƙo sai ya gyara zama ya ce, "Ki ce masa albarka. Ki tambaye shi ya iyali." Batul ta ce Baba ba a tambayar iyali a nan. Ya ce to wace irin kasuwa ce wannan? Yawancinsu daga amsa ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsu.

Sai wani ya zo wanda bai sa hoton fuskarsa a shafin ba, hoton wani jan kare ya sa mai dogon kunne. Sunan da ya rubuta ma haruffa ne da lambobi. Rilwanu ya laƙaba masa Mai Kare, sunan ya zauna. Dala tamanin ya taya. Batul ta ja tsaki har sai da mayafinta ya zame. Amma da aka ce masa albarka bai gudu ba. Ya dawo ya ce a ɗauko masa hoton bayan aikin, ta ciki, yana son ganin yadda aka ɗaure bakin zare. Ya tambaya ko tsamiyar ta gaske ce ko auduga aka rina. Ya kira askar da sunanta.

Nan fa aka gama da Malam Rilwanu. Shekara nawa rabon da wani ya ce a juya masa riga ya ga cikinta? 'Ya'yan cikinsa ma ba su taɓa tambaya ba. Ya tashi da kansa ya juya rigar, ya riƙe wa Batul ita a haske.

"Uwata, wannan ya san riga. Wannan mai saye ne."

"Baba, sanin ne ya sa yake son ya same ta a banza. Irinsu saye suke su sa a shagonsu su ninka sau goma."

"To ai falke ke nan. Da fatake muka ci abinci."

Aka shiga ja. Mai Kare ya hau ɗari, ya hau ɗari da hamsin, kowane hawa sai ya haɗa da yabo da ƙorafi, aiki ya yi kyau amma kuɗin aike da yawa, aiki ya yi kyau amma kasuwa ba ta tafiya. Rilwanu ya yi ta sauka a hankali yana murmushi, har ya tsaya a ɗari biyar, iyakar abin da zai tayar da bangon ke nan. Ya ce a gaya masa wannan ne kuɗin sallama. Amsa ta zo: ya ji, yana so, a ajiye masa zuwa Juma'a zai dawo.

"Sai ya ba da kafin alƙalami," in ji Batul.

"Haba Uwata. Mutum ya ce Juma'a, ki ce masa ba ki yarda da bakinsa ba? Ki rubuta na ajiye."

Ta yi magiya, ta kawo misalai, ta ce ko kwata ne ya bayar. Ya saurare ta har ta gama. Ta rubuta.

Juma'a ta zo ta wuce. Wata ma ta zo ta wuce. Gabas ta fara haɗa gajimare da yamma, iska na kawo ƙamshin ruwan da aka yi a wani gari. Mika'ilu ya leƙo sau biyu, na biyun bai ma zauna ba. Batul ta yi ta aika saƙo, wayar na nuna an buɗe an karanta, amsa babu.

Ana cikin haka sai ga wata mata, 'yar Zangon Kumasi da ke zaune a Kanada. Da Hausa ma ta rubuto, irin tasu ta can. Ta ce kakanta daga Zariya yake sayo riguna, mahaifinta ya tsufa yana ta zancen irin wannan rigar, tana so ta kai masa in za ta je gida. Ba ta nemi ragin ko dala ɗaya ba. Ta ce a faɗa mata kawai ta biya yau, don tafiyarta ta matso.

Batul ba ta jira an tashi makaranta ba, ta hau keke napep ta taho. Ta same shi yana ɗinkin wuyan wani kaftani, ta karanta masa tana haki. Ya ajiye allura. Fuskarsa ta yi haske, sannan hasken ya janye a hankali.

"Allah sarki. Allah ya yi mata albarka. Ki ce mata akwai ciniki a kai."

"Wane ciniki, Baba? Mutumin da ya yi mako biyu bai ce uffan ba?"

"Ya ce ya fasa?"

"Ba sa cewa! Haka suke yi, su riƙe kayan mutum goma su ga wanda zai fara karaya. Wallahi ya manta da kai."

"In a kasuwa ne, ina ganin ƙeyar mutum in ya juya, in san ya tafi. Nan kin ce yana buɗewa yana karantawa. To ai yana tsaye ke nan a bakin zaure. Ki tambaye shi, ya saya ko ya sake ni."

Ta aika, ta sake aikawa. An karanta, shiru. Ta kira kawunta a waya tana kuka, kuma abin da ya kamata a faɗa a kan Alhaji Abdulwahab shi ne, ya zo, shi da ya fi kowa cin riba in ba a sayar da rigar ba. Ya zauna a dakalin zaure ya ce ya tambayi malamai biyu, duk sun ce wa'adin da mutumin ya ɗiba da bakinsa ya wuce, babu komai a kan Rilwanu in ya sayar wa wani.

"Yaya, ka sayar. Na fi son ka gyara zauren nan da in gan ka haka."

"Ba fatawa nake nema ba, Alhaji. Na san halal ne. Amma a nan wurin Baba ya riƙe riga damina guda."

"Wancan mutum ne mai fuska, kun ci abinci tare. Wannan kare ne fa a hoto!"

"Bayan karen akwai mutum. In ciwo ne ya kwantar da shi fa?"

Batul na riƙe da wayar. Latsawa ɗaya ce, kuɗi su shigo, Mika'ilu ya kawo azara gobe, tsoho ya yi fushin kwana uku ya huce. Ya ga yadda take kallon wayar, ya gane.

"Uwata," ya ce a hankali, "bakina ne a cikin abin nan. Ke na ba ajiya."

Ta kifa wayar a cinya. Da ta latsa da ta huta, kowa ma da ya huta, kuma har gobe in maganar ta taso sai ta ce ita ta yi sake. Amma wanda bai taɓa jin ubansa ya yi masa magana da irin wannan muryar ba, ya yi shiru kawai.

Matar Kanada ta yi haƙurin kwana biyar. Daga nan ta rubuto da ladabi cewa ta samu wata a Kano, ba ta kai wannan ba amma lokaci ya ƙure. Ta ce a gaida Baba.

Ruwan farko yayyafi ne, ya kwantar da zafi kawai. Na biyu ya zo da la'asar, da iska, ya yi ta zuba har indararo ya kasa ɗauka. Rilwanu na zaune a ciki ya naɗe rigar a leda ya rungume, yana kallon jan ruwa na gangarowa ta tsagar yana bin baka. Zauren bai faɗi ba a ranar, da ma ya faɗi da an ce ƙaddara ce. Washegari Mika'ilu ya zo ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai. Tasar nan mai fure ta karkace, rufin ya yi ciki ya sauko. Ya dafa bango, ƙasa ta biyo hannunsa.

"Malam, ka fitar da kayanka," ya ce. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Shi aka ba aikin saukewa, don ya fi kowa sanin inda zai taɓa. Abin da aka yi wata da watanni ana ginawa, wuni biyu ya ishe shi. Rilwanu bai shiga cikin gida ya ɓuya ba, ya tsaya a tsallaken lungu daga farko har ƙarshe. Da tasar ta faɗo wani lebura ya miƙa masa, ya karɓa ya rasa inda zai ajiye ta. Baƙin ciki dai ya yi shi, irin wanda ba ya fitowa ta ido, sai dai ka ga mutum ya rage tsawo. Ba ginin kawai yake kallo ba. Duk wanda ya taɓa zama a wurin, ubansa da abokansa da fataken, a zauren nan kaɗai suka rage, kuma ga shi ana loda su a baro.

An kwashe ƙasa, an sauke bulo, an fara haƙa tushe, sai ga Mai Kare. Ba ciwo ya yi ba. Bai ma ba da haƙuri ba. Cewa ya yi ya ga har yanzu rigar na nan ba ta fita ba, to tayinsa na ɗari da hamsin na nan in ana so.

Batul ta karanta ta ce za ta rubuta masa abin da bai taɓa ji ba tunda uwarsa ta haife shi. Ta ce a bar rigar, wani zai zo, ba a gaggawa yanzu. Rilwanu ya girgiza kai. Ba ya son ganinta. Tun ranar da aka sauke zauren ya tura ta ƙarƙashin gado, kuma ko a can ji yake tana kallonsa.

"Shi na ajiye wa. Ki ba shi."

Ta rubuta tana cije leɓe. Amsa ta zo nan da nan, mutumin da a da sai a yi mako ba a ji shi ba. Ya ce madalla. Sai dai yana da buƙata ɗaya. Masu saye a wurinsa suna son ganin inda aka yi kaya, don haka a ƙara ɗauko masa hotunan tsohon yana ɗinki a ɗakin nan mai bakuna, da ɗan bidiyo in zai yiwu. Ya ce gaskiya ɗakin ne ma ya fara jan hankalinsa.

Batul ba ta so ta fassara ba. Rilwanu ya matsa, ta faɗa. Ya miƙe tsaye. Sannan ya shiga ya jawo rigar, ya ɗauko buzunsa, ya fito ya shimfiɗa shi a fili tsakanin ramin tushe da tarin bulo, daidai inda hasken safe ke kwanciya a da. Yanzu hasken ko'ina ne, har ya hana shi buɗe ido. Ya zauna, ya ɗora rigar a cinya, ya zare allura daga hularsa.

"Ɗauki. Nan ne ɗakin."

Ta ɗauka da ƙyar, don ba ta ganin fuskar wayar. Ta aika, ta rubuta masa abin da ya faru a taƙaice. Suka jira. Leburori suka tsaya da aiki suna kallo.

Mai Kare ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai da jin haka. Ya ce amma tunda babu hotunan, rigar za ta yi masa wuyar sayarwa, don haka sai dai ɗari da ashirin.

Malam Rilwanu ya mayar da allura cikin hula. Ya naɗe rigar yadda ubansa ya koya masa, hannu a ciki, aska a sama, ya shafe ta da tafin hannu ya miƙa wa 'yarsa.

"Ki ce masa na sallama," ya ce. "In ya biya, don Allah ki roƙe shi ya ce mini ya tafi."

Ya biya. Roƙon kuwa an buɗe an karanta.

Shagunan biyu sun tashi kafin kaka. Ɗaya ana cajin waya da cirar kuɗi, ɗaya har yanzu ba a samu mai haya ba. Alhaji Abdulwahab ya ce wa yayansa ya shiga na biyun ya riƙa ɗinki kyauta, ya shiga wuni ɗaya ya fito, ya ce kwanon na dafa masa kai kuma ba ya ganin zare. Yanzu a benci yake zama a bakin shagon cajin, da allura a hula ba ya taɓa ta. Ran da Batul ta biyo, bayan sun gaisa ya tambayi yara, sai ya kalli jakarta inda wayar take.

"Uwata, mutumin nan ya ce wani abu?"